Jarida, Mujalla, Gazet: Wace Ce Ke Isa El Alasan Mairairai?

Duk wanda ya taɓa sayen tsire ko ƙosai a kasuwannin El Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi, ya san hanyar da jarida ta fi bi wajen isa wannan yanki. Takan zo ne ɗaure cikin dami, 'yan kasuwa sun sayo ta bisa awo daga Maraɗi ko Katsina, a yayyaga ta a ƙunshe nama. Wani lokaci idan mai saye ya buɗe ƙunshinsa sai ya tarar mai bai ɓata kan jaridar ba: ga kalmar “Daily” da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinta kuma ga kwanan watan da ya shige da wata huɗu. Ma'anar kalmar da Ingilishi ita ce “ta kullum”. Ke nan takardar da ta yi alkawarin zuwa kowace safiya ta iso bayan an yi shuka, an yi noma, an kai ga girbi.

A da ana iya ɗaukar wannan abin raha, tunda Ingilishi harshen maƙwabta ne, na masu naira. To amma ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a Yamai, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun daga ranar, kalmomin da ke saman takardun nan sun zama abin da ya shafi sakataren ƙaramar hukuma, da malamin makaranta, da ma'aikacin duwan, kamar yadda suka daɗe da shafar ɗan kasuwar da ke kai wake Jibiya ya komo da atamfa. Wanda zai yi aiki da harshe wajibi ne ya san sunayen takardun da ake mulki da su a harshen. Kuma akwai abin da ke cikin waɗannan sunaye wanda ya fi fassara muhimmanci: kusan kowannensu alkawari ne, ko na lokacin fitowa, ko na wanda zai ɗauki alhakin abin da aka buga.

Bahaushe kalmomi biyu ya riƙe, jarida da mujalla, kuma duka biyun daga Larabci ya aro su. Asalin jarida reshen dabino ne da aka zage wa ganye, irin wanda Larabawan dauri ke rubutu a kansa. Daga nan kalmar ta koma sunan rajista, sai a ƙarni na 19 ta zama sunan takardar labarai. Mutanen Gulbin Kaba, waɗanda rabin sana'arsu daga ganyen goriba take, ba za su yi mamakin jin cewa icce ya ba takarda suna ba. Kalmomin biyu sun yi wa Hausa aiki shekara da shekaru, amma nauyin da aka ɗora musu ya yi yawa. Takardar da ke fita kowace safiya jarida ce. Wadda ke fita sau ɗaya a mako jarida ce. Wadda gwamnati ke buga dokoki a ciki jarida ce. 'Yar takardar da wata ƙungiyar agaji ke rabawa don a ga hoton shugabanta yana miƙa buhu, ita ma jarida ce. Har shafin Facebook da wani yaro ya buɗe jiya da dare, yau ana ce masa jarida, shi kuma ɗan jarida.

Bature ya rarraba su, kuma rabon farko da lokaci ya yi shi. “Daily” ta kullum, “weekly” ta mako-mako, “monthly” ta wata-wata, “quarterly” ta bayan wata uku-uku, “annual” ta shekara-shekara. Dukansu ya tara su ƙarƙashin kalma guda, “periodical”, watau abin da ke dawowa a kan ƙayyadadden lokaci. Ba a nan aka tsaya ba, domin akwai “biweekly”, wadda Turawan da kansu ba su daidaita a kanta ba: wasu na nufin sau biyu a mako, wasu sau ɗaya a mako biyu. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin talla a takarda mai wannan suna, gara ya tambaya kafin ya zaro kuɗi.

Mutumin karkara ya fi kowa sanin darajar irin wannan alkawari, ko da bai taɓa riƙe jarida ba, saboda kasuwa yake ci. Kasuwar ƙauye ranarta ce jarinta. Mai raƙumi daga arewa, da mai amalanke daga gefen Tasawa, da dillalin bisashe, da matar da ta kwana tana dakan fura, babu wanda ya aika wa wani da saƙo. Ranar ce ta tara su. Kasuwar da ta fasa ci mako biyu a jere, a na uku fatake sun canza hanya. Haka takardar labarai take. Jaridar yau da kullum ta farko da aka yi da Ingilishi, Daily Courant, ta fito a Landan a 1702, kuma falle ɗaya ce tak. Abin da ta kawo sabo shi ne tabbacin cewa gobe ma za ta fito. Mai mulki yana iya haƙuri da takardar da ta zage shi sau ɗaya ta ɓace. Wadda ke hana shi barci ita ce wadda ya san ranar Alhamis mai zuwa za ta dawo ta tambayi inda aka kwana.

Nijar ta ga wannan da idonta. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haské a watan Mayu na wannan shekara, jarida ta farko mai zaman kanta a zamanin. Maman Abou ya biyo da Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa, sannan Anfani, da Le Démocrate, da Tribune du Peuple, da Alternative. Kusan dukansu 'yan mako ne. Waɗanda suka riƙe ranarsu su ne suka yi cizo: Le Républicain ta bi diddigin kuɗin ilimin firamare a 2006, mako bayan mako, har aka ɗaure mai ita, kuma wannan batu ne ya kai ga ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayu 2007. Da yawa kuwa sun kasa. Karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994 ta ninka kuɗin takarda da tawada da ake shigowa da su, sai aka samu jaridun da ke rubuta “mako-mako” a goshinsu alhali sai an ga wata suke fita, wasu ma sai zaɓe ya ƙarato, lokacin da ɗan takara ke neman mai yi masa kirari. Irin waɗannan sun karya alkawari tun a shafin farko, kafin mai karatu ya kai ga labarin.

Rabo na biyu ya shafi wanda ke magana, kuma a nan ne kalmar da ta fi dukansu nauyi take: “gazette”. A birnin Venis na ƙarni na 16 ana sayar da takardar labarai a kan ɗan ƙaramin tsabar kuɗi mai suna gazeta, sai sunan kuɗin ya bi takardar. Abin sha'awa, ita ma jaridar Hausa da aka kafa a Zariya a watan Janairu 1939, wadda Abubakar Imam ya zama editanta, da kuɗinta aka raɗa mata suna: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sai dai gazet ba ta zauna a hannun 'yan kasuwa ba. A Faransa Théophraste Renaudot ya kafa La Gazette a 1631 ƙarƙashin inuwar fada. A Ingila kuwa, da annoba ta kori sarki daga Landan zuwa Oxford a 1665, aka fara buga takardar fada a can, wadda a shekara mai bi ta zama London Gazette, kuma har yanzu tana fita. Daga nan kalmar ta bi Ingilishi duk inda ya yi mulki, da ma'anar takardar da hukuma ke buga dokoki, da naɗe-naɗe, da ƙarin girma, da sanarwar ƙwace fili. A Nijeriya idan aka ce an yi gazet ɗin abu, to magana ta ƙare. Kwastan na Jibiya da shi zai yi aiki, ko ɗan kasuwa ya ji labari ko bai ji ba.

Ga misalin nauyinta. A watan Disamba 2025 wani ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya yi ƙorafin cewa sababbin dokokin haraji da aka buga a gazet sun saɓa da abin da 'yan majalisa suka amince da shi. Ƙasar ta ɗauki zafi, domin kowa ya san alƙali abin da ke cikin gazet zai duba, ba abin da aka faɗa a zaure ba.

Takwarar gazet a Nijar ita ce Journal Officiel. Kowace doka da ita take rufewa: za a buga ta a wannan takarda, a zartar da ita a matsayin dokar ƙasa. To a nan ne taƙaicin kalmomin Hausa ke yin ɓarna. Idan aka ce “jaridar gwamnati”, mai sauraro ba ya sanin ko Le Sahel ake nufi, wadda ke ba da labarin tafiye-tafiyen ministoci, ko kuwa takardar da abin da ke cikinta ke iya sa a ƙwace wa mutum mota da kaya. Ta farko ana iya ƙunshe tsire da ita ba a yi asara ba. Ta biyu ita ce ke raba ɗan kasuwa da jami'in da ya tare shi a hanya ya ce “an hana”. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Mai tara gero da wake a Mayahi ta rediyo ya ji, ko ta bakin direba, ko ta saƙon murya a WhatsApp wanda ya ratsa waya goma kafin ya iso. Waɗanne irin hatsi ne a ciki? Daga wace rana? Mene ne hukuncin wanda aka kama? Amsoshin suna rubuce, da Faransanci, a nisan kilomita fiye da 600. Tsakanin rubutun da mutumin da rubutun ya hau kansa, akwai masu cin abinci da yawa.

Ma'aikacin da ya yi lakwal da Faransanci yana da nasa ramukan da zai faɗa. A wurinsa “journal” jarida ce ta kullum, tunda daga kalmar yini aka ciro ta. A Ingilishi kuwa yawanci mujallar masana ake nufi, irin wadda malaman jami'a ke bugawa sau biyu ko huɗu a shekara, wadda ba mai karanta ta sai su. “Bulletin” ya san ta a matsayin takardar albashi, ko ta sakamakon ɗalibi, ko ta jefa ƙuri'a. A Ingilishi gajeriyar sanarwa ce da wata ma'aikata ke fitarwa a kai a kai. Ita da ƙanwarta “newsletter” muryar gida ce: wanda ya buga ta shi ne wanda ake ba da labarinsa. Ba laifi ba ne, muddin mai karatu ya sani, kamar yadda ba laifi ba ne mai kanti ya yabi hajarsa.

Sai “magazine”, wadda tarihinta zai ba ɗan kasuwar Maraɗi dariya. Daga Larabci ta taso, makhazin, watau ɗakunan ajiya. Ta shiga Italiyanci, ta shiga Faransanci ta zama magasin, kuma daga bakin Faransawa Hausawan Nijar suka karɓe ta suka ce mangaza. A 1731 wani maɗabi'i a Landan, Edward Cave, ya kira takardarsa ta wata-wata The Gentleman's Magazine, yana nufin rumbun da ya tara abubuwan karatu iri-iri. Ashe mangazar da ake jibge buhunan wake da mujallar da ake jibge labarai uwarsu ɗaya. Kuma kamar mangaza, mujalla abin da aka ajiye ya daɗe ake nema a cikinta. Jarida takan ce an yi. Mujalla ta dawo bayan ƙura ta lafa ta ce ga wanda ya yi, ga abin da ya ci. Shi ya sa a Nijeriya ta zamanin soja mujallu suka fi shan wuya. Newswatch ta fara fita a 1985, kuma ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe editanta Dele Giwa da bam cikin ambulan. Tell da TheNews kuwa a ɓoye suka riƙa bugu a zamanin Abacha. “Tabloid” ba ta buƙatar dogon bayani: sunan ƙwayar magani ne da wani kamfani a Landan ya yi wa rajista a 1884, aka ara wa ƙaramar jarida mai dunƙule labari don a haɗiye ba tauna.

Akwai kuma rukuni na uku, wanda shi ne ya fi ruɗin mutane, domin kirari ne tsantsa. “Guardian” mai tsaro, “Herald” sankira, “Tribune” wakilin talakawa a tsohuwar Rum, “Pilot” jagoran jirgi, “Vanguard” 'yan sahun gaba, “Trust” amana, “Punch” naushi. Hausa ba ta gaza a wannan fage ba: jaridun larduna na shekarun 1950 a arewacin Nijeriya sun haɗa da Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya. Wasu sun cika kirarinsu. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian shekara guda ƙarƙashin doka mai lamba 4. Amma suna ba ya canzawa idan mai gida ya canza. Daily Times ta Legas, wadda aka kafa a 1926, da sunanta ta kwana ta tashi a 1975 lokacin da gwamnatin soja ta karɓe kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinta. Mai karatu mai wayo ba ya tsayawa a kan sunan. Yakan juya ya nemi ɗan akwatin da aka rubuta mai jaridar, da editanta, da inda aka buga ta. Takardar da ba ta da wannan akwati, ko me ta kira kanta, wasiƙar da ba sa hannu ce.

Abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, jaridun Nijar masu zaman kansu sun ci bashin Hausa ba su biya ba. Haské da Anfani sunayen Hausa ne, cikinsu Faransanci. Jaridun da aka rubuta da Hausa a ƙasar, irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi, da Ƙasa Mai Albarka ta Maraɗi, da Muryar Damagaram, ma'aikatar yaƙi da jahilci ce ta fitar da su a shekarun 1960 da 1970, domin manyan da suka koyi baƙi su sami abin karantawa. Sun yi amfani, amma da ma'aunin Ingilishi “bulletin” ne: suna koya wa manomi yadda ake feshi, ba sa tambayar inda kuɗin maganin feshin ya shiga. Ke nan an raba aikin gida biyu: tambayar hukuma da Faransanci, wa'azin tsafta da Hausa. A Kano da Kaduna ba haka abin ya tsaya ba, tunda Albishir, da Al-Mizan, da Aminiya wadda ta fara fita a 2006, sun nuna ana iya yin siyasa da tattalin arziki da Hausa a kan takarda.

Za a ce mutanen karkara ba su iya karatu ba, rediyo ta ishe su. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Rediyo ta yi abin da jarida ba ta yi ba, musamman tun da gidajen rediyon karkara suka fara bazuwa daga 1999. Amma magana iska ce. Ba a miƙa wa jandarma shirin rediyo a ce ga hujja. Sannan rediyo ana iya kashe ta da sanarwa guda, kamar yadda aka dakatar da RFI a watan Agusta 2023 da BBC a watan Disamba 2024, alhali takardar da ta riga ta shiga akwatin mutum sai an bi gida-gida. Game da karatu kuwa, wanda ake kira jahili a ƙidayar hukuma sau da yawa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin da yake bi da ajami. Kamfanin Triumph na Kano ya gane haka ya fitar da Alfijir da ajami. Kuma ba a buƙatar kowa ya iya karatu: a kowace rumfa mutum ɗaya ne ke karantawa, goma su saurara, su yi masa gardama.

Saboda haka idan maganar harshen ƙasa da gaske ake yinta, wurin gwada ta a bayyane yake. Journal Officiel ya kamata ta fara fita da Hausa, ko da dokokin da suka shafi haraji, da fatauci, da filaye, da burtali ne kawai, a kuma ba ta suna nata na kanta wanda ba zai ruɗe da na Le Sahel ba. Jaridar dokoki ya isa, gazet ma ba ta yi wa harshe nauyi ba. Sauran kalmomin Hausa ba ta buƙatar kwamitin masana kafin ta samar da su: 'yar kullum, 'yar mako, 'yar wata, duk wanda ya ji ya gane. Abin da ake so shi ne wanda ya ɗora ɗaya daga cikinsu a goshin takardarsa a riƙe shi da ita, masu talla su ƙi biyan 'yar makon da ta tsallake mako.

Ƙananan hukumomi su ma suna da nasu kason. An yi zaɓensu na farko a watan Yuli 2004, da alkawarin cewa mulki zai matso kusa da talaka. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisunsu aka naɗa masu riƙo, sannan a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa. Inda babu kansilan da zai tashi ya yi tambaya, takarda ce kaɗai ta rage. Ƙaramar hukuma kamar El Alasan Mairairai ba ta buƙatar maɗaba'a: falle ɗaya ya isa, da boko a gaba da ajami a baya, a rubuta abin da aka tara na lanho da tikitin kasuwa a watan, da abin da aka kashe, da rijiyar da aka gyara da sunan wanda aka ba kwangilar, a manna a ƙofar ofis da bakin kasuwa ranar da take ci. A sa mata kwanan wata, a sa mata lamba, kamar yadda kowace “periodical” ke ɗauke da su. Lambar ce aikin: ran da ta 7 ta fito bayan ta 5, mai shayin bakin tasha ma zai tambayi inda ta 6 ta shiga.